Ƙari a Kunne, Fargaba a Fuska

A wannan wata ɗakin tiyata za mu leƙa. Akwai wani ƙari da kan tsiro a jikin jijiyar ji, can ciki tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa akustik niyuroma. Ba sankara ba ne, kuma a hankali yake girma. Alamunsa na farko su ne kunne ɗaya ya riƙa rage ji, da ƙugi a cikinsa, wani lokaci da jiri.

Inda gizo ke saƙar shi ne maƙwabtaka. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta 8 ita ce ta ji, ta 7 kuwa ita ke motsa fuska, kuma su biyun tare suke ratsa wani ɗan rami na ƙashi wanda tsawonsa bai fi kimanin santimita 1 ba. In ƙarin ya girma sai ya danne jijiyar fuska, ta baje a jikinsa kamar ɓawon albasa. Idan ta tsinke wajen aiki, baki zai karkace, ido ya ƙi rufuwa, ko kurkurar baki wajen alwala ta gagara. A unguwanninmu sai ka ji an ce marin aljani ne, alhali kuwa jijiya ce.

A zamanin Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi kan wannan ƙari a 1917, burin likita shi ne mara lafiya ya tashi da rai, fuska kuwa sai yadda hali ya yi. A 1961 William House ya shigo da madubi mai ƙara girman abu cikin aikin, har aka iya ganin jijiyar sosai. Daga 1979 kuma aka fara kafa 'yan siraran allurai kusa da ido da baki, a haɗa su da na'ura. Da zarar an taɓa jijiyar sai na'urar ta yi ƙara, likita ya sassauta hannu.

Duk da haka, girman ƙarin shi ke yanke hukunci. Ƙarami ya fi sauƙin rabuwa da jijiyar. A kan babba, likitoci da yawa kan bar ɗan ɓarɓashi manne da ita da gangan, su ci gaba da lura da shi ta hoton MRI, ko su haska shi da na'urar Gamma Knife wadda Lars Leksell na Suwidin ya ƙirƙiro. Mu a ganinmu wannan ba sakaci ba ne, kada dangi su ce aiki bai kammala ba. Wani ƙaramin ƙarin ma ba a taɓa shi, sa ido kawai ake yi.

Saboda haka wanda kunnensa ɗaya ya yi rauni, ya daina ɗiga man zafi yana jiran sauƙi, ya je a auna jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. In magana ta kai ga tiyata, a tambayi likita ba tare da jin nauyi ba: sau nawa ya yi irin wannan aiki? Akwai na'urar lura da jijiyar fuska?

In an fito fuska ta yi sanyi amma jijiyar ba ta tsinke ba, sau da yawa takan farfaɗo cikin watanni. Kafin nan idon ne abin tattali, domin in ya bushe zai iya yin gyambo. A riƙa ɗiga masa maganin da likita ya rubuta, da dare kuma a rufe shi da filasta.