Kujerar Suleja Ta Mutanen Suleja Ce: A Buɗe Wa Indifenda Ƙofa

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, idan ya taso zuwa gida ta hanyar Lakwaja, sai ya ga Dutsen Zuma kafin ya miƙe hanyar Kaduna. Kusa da dutsen nan Suleja take, kuma garin yana da kujera guda daga cikin kujeru 27 na Majalisar Dokokin Jihar Neja da ke Minna. To, wa ke da ikon neman wannan kujera? Sashe na 106 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da amsa: sai wanda yake ɗan wata jam'iyya, kuma jam'iyyar ta tsayar da shi. Sashe na 221 ya ƙara ɗaure ƙofar, domin ya hana kowace ƙungiya nema wa ɗan takara ƙuri'a in ba jam'iyya ba ce. Watau ko da malamai da 'yan kasuwa da direbobi da matan unguwa na Suleja kaf za su haɗu a kan mutum ɗaya, ba shi da hanyar shiga takardar ƙuri'a sai ya je ya durƙusa wa shugabannin wata jam'iyya. Wannan doka zalunci ce, kuma lokacin kawar da ita ya yi.

Tarihin garin kansa ya isa shaida. Mutumin Suleja da ya fara yin suna a majalisar dokoki bai taɓa riƙe katin tsayawa na kowace jam'iyya ba. Shi ne Sulaimanu Barau, ɗan Sarki Muhammadu Gani, wanda aka haifa a 1903, lokacin da ake kiran garin Abuja. Ya yi karatu a Bida, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya koyar a Keffi da Bida, aka naɗa shi hakimin Diko a 1931, daga baya ya dawo ya riƙa taimaka wa Sarki Musa Angulu da aikin En'e. A 1944 ya hau gadon sarauta, kuma shi ake lasaftawa sarki na farko a Arewa da ya yi cikakken karatun zamani. Cikin abubuwan da aka fi tunawa da shi akwai hana talakawa zuba ƙasa a ka idan sun zo gaisuwa. Da tsarin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, yana cikin sarakuna huɗu da Majalisar Sarakunan Arewa ta aika zuwa Majalisar Dokoki ta ƙasa baki ɗaya, tare da Sarkin Gwandu da Sarkin Katsina da Attan Igbirra. Majalisar nan ta zauna a Ikko, ta zauna a Kaduna, ta zauna a Badun da Inugu. Da gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi sabon mazaunin babban birnin tarayya a watan Fabrairu na 1976, masarautarsa ce ta ba da ƙasa, har ta ba da sunanta, garin ya koma Suleja don tunawa da shi. Ya rasu a 1979.

Kada wani ya yi garaje ya ce ana kiran a koma zamanin Turawa. Ba talakawa suka zaɓi Sulaimanu Barau ba, kuma majalisar da ya zauna a ciki Gwamna Bature ne shugabanta. Wannan gaskiya ce. Amma a duba abin da aka auna kafin a tura shi: aji nawa ya koyar, wace gunduma ya riƙe, yaya ya yi da mutane. A yau wane ma'auni jam'iyyu ke amfani da shi? A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman tsayawa takarar majalisar jiha naira miliyan 2, PDP kuma naira dubu 600. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai tara albashinsa gaba ɗaya na fiye da shekara biyar da rabi, ba ci ba sha, kafin ya sayi takardar APC kawai. Ba a zo maganar wakilan zaɓen fid da gwani ba tukuna, waɗanda kowa ya san ba da fatar baki ake shawo kansu ba. Malamin makaranta irin Sulaimanu na shekarun Keffi, in ba gidan sarauta ko wani attajiri a bayansa, ko ƙofar ofishin jam'iyya ba zai taka ba. Wanda kuwa attajiri ko gwamna ya saya wa takarda, ai an san ƙarshensa: kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Akwai wani malamin makaranta a majalisar 1947 ɗin, Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilan Arewa a Kaduna ya kawo shawarar a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, ya yi magana a kan yadda aka bar talaka ba shi da ta cewa. Ya faɗi haka ne alhali sarakuna na kan ganiyar ƙarfinsu. A ranar da ya yi wannan jawabi, Jam'iyyar Mutanen Arewa ƙungiyar al'adu ce, ba ta zama jam'iyyar siyasa ba sai a watan Oktoba na 1951. Babu mai tsawatarwa na jam'iyya da zai ja masa riga ya ce ya zauna. Mai karatu ya lissafa da kansa, cikin majalisun jihohi 36 na yau, 'yan majalisa nawa ne za su iya miƙewa su yi wa gwamnan jam'iyyarsu irin wannan magana, sa'an nan su sake samun tikiti.

Abin da biyayyar jam'iyya ido rufe ke haifarwa kuwa an gan shi. A tsohuwar Jihar Kaduna, daga 1979, majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, jihar ta zauna ba majalisar zartarwa har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. A Minna kanta, cikin watan Mayu na 2012, majalisa ta ga shugabanni uku: aka sauke Muhammad Tsowa Gamunu, aka ɗora Isa Kawu, bai yi wani kwana na kirki ba aka sauke shi aka ɗora Adamu Usman, dukansu 'yan jam'iyya ɗaya. Me mai sayar da doya a kasuwar Suleja ta ƙaru da shi a wannan sauke-ɗora? Daɗin daɗawa, kotu ma ta taɓa tabbatar da cewa ƙuri'ar talaka ta jam'iyya ce. A watan Oktoba na 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas, alhali ba shi aka tsayar ranar zaɓe ba. A Kogi, da Abubakar Audu ya rasu a watan Nuwamba na 2015 kafin a kammala zaɓe, sai aka ɗauki ƙuri'unsa aka miƙa wa Yahaya Bello.

Masu kare wannan tsari suna da hujja biyu, kuma ta farko ba ta wasa ba ce. Suna cewa siyasar ba-jam'iyya kayan aikin soja ce. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ba tare da jam'iyyu ba a 1976, da watan Disamba na 1987 a zamanin Babangida, da watan Maris na 1996 a zamanin Abaca, kuma a Yuganda Musebeni ya hana jam'iyyu takara daga 1986 har 2005, ya yi ta mulki abinsa. Haka ne. Sai dai waɗancan sun rufe wa jam'iyyu ƙofa ne da bakin bindiga. Abin da ake nema a nan shi ne jam'iyyu su ci gaba da tsayar da 'yan takararsu, wanda bai da jam'iyya shi ma a bar shi ya tsaya, jama'a su raba gardama. Jam'iyyar da ke tsoron karawa da malamin makaranta guda ɗaya, ita ya kamata ta binciki kanta. A jamhuriya ta farko ma an yi 'yan indifenda, ƙasa ba ta tsage ba saboda su. Hujja ta biyu wai takardar ƙuri'a za ta yi tsawo. Wannan abin dariya ne. A 2019 mutum 73 suka nemi shugabancin ƙasa, kowannensu da jam'iyyarsa, har hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 a watan Fabrairu na 2020. Maganin cunkoso shi ne a ce indifenda ya kawo sa hannun masu zaɓe daga kowace mazaɓa ta yankinsa.

Wasu ƙasashen sun wuce nan. A Gana, tun daga ƙarshen shekarun 1980 ake zaɓen 'yan majalisun gundumomi ba tare da tutar jam'iyya ba, Tsarin Mulkin 1992 ya tabbatar da haka, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a watan Disamba na 2019 don shigo da jam'iyyu, janye ta aka yi. A Amurka, mutanen Jihar Nebaraska sun kaɗa ƙuri'a a 1934, bisa kiran Sanata Joj Noris, suka mai da majalisarsu guda ɗaya wadda ba a rubuta sunan jam'iyya gefen sunan ɗan takara. Ta fara zama a 1937, yanzu kujerunta 49. 'Yan majalisar suna da jam'iyyunsu, kowa ya san inda kowa ya karkata, amma ba shugaban jam'iyya ke ba su izinin tsayawa ba.

Babu wanda wannan magana ta shafa kamar ɗan Arewa mazaunin Kurmi. Akwai Hausawa a Sabon Badun da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Ama Hausa ta Oweri waɗanda a nan aka haifi iyayensu. Suna biyan haraji, suna biyan kuɗin rumfa, suna da katin zaɓe. Ranar kamfe ana zuwa gidan Sarkin Hausawa da buhunan shinkafa, amma ranar raba tikiti, ko na kansila ne, da wuya a tuna da su. Sai fitina ta tashi, kamar ta Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mil 12 a 2016, da kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, sa'an nan a gane ashe ba su da murya a zauren da ake yanke shawarar tashin kasuwa ko biyan diyya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A mazaɓar da suke da yawa, da doka ta yarda, sai su haɗa kai da maƙwabtansu Yarabawa ko Ibo su tsayar da wanda suka sani. An taɓa yin haka: Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma masu ba da tarihinsa sun ruwaito cewa da jam'iyyarsa ta NCNC ta nemi ya janye wa wani, sai ya tsaya indifenda ya ci. Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Suleja cike take da Gbagyi da Koro da Nufawa da Ibo da Yarabawa, kuma ƙofar da za a buɗe wa Bahaushe a Agege, ita za a buɗe wa ɗan kasuwa Ibo a Suleja. Wanda bai yarda da wannan ba, bai da bakin kuka a Kurmi.

Ba yau aka fara wannan kira ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a halatta indifenda a rahotonsa na 2008. Gyaran tsarin mulkin da ya ƙunshi haka ya isa teburin Shugaba Jonathan a 2015, bai sa hannu ba. Majalisar Tarayya ta sake amincewa a watan Maris na 2022, amma ba ya cikin gyare-gyaren da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Sashe na 9 ya ce ba a gyara tsarin mulki sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, watau 24 daga cikin 36, kuma majalisar Minna ɗaya ce daga cikinsu. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan Arewa na Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal su rubuta wa wakilan garuruwansu, su kuma aika da mutane duk inda aka kira zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki. Wanda ya je gida Sallah, ya nemi ɗan majalisar mazaɓarsa, na Suleja ne ko na Kwantagora ko na Funtuwa, ya tambaye shi a gaban mutane inda zai jefa ƙuri'arsa ranar da maganar indifenda ta zo zauren majalisa.