Sharhi: Kada mu saida bindigar kaka da kilo

A shekarar 1971 wani ɓarawo ya fasa akwatin gilashi a gidan tarihi na Valley Forge, cikin jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya yi gaba da wata doguwar bindiga. Ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a 2018, lokacin da wani dillalin tsoffin kaya ya saye ta cikin tarkacen wani gidan gona. Da ya bincika, sai ya gane aikin Christian Oerter ce, maƙerin da ya ƙera ta a 1775 ya kuma sa sunansa a jikinta. A 2019 aka maida ta hannun masu ita.  

Mi ya ba wannan bindiga daraja haka? Aikin hannu ne da farko. Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa yankin Lancaster a farkon ƙarni na 18 su suka fito da irinta. Tsawon bututunta ya zarce mita guda. A cikin bututun suna sassaƙa layuka masu murɗewa, ta yadda harsashi zai fita yana juyawa, ya samu abin hari daga nisan da ya kusa mita 200, alhali bindigar soja ta lokacin ba ta da tabbas ko a rabin haka. Wutarta kuwa irin ta ƙyastu ce: ɗan dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Ƙotar daga icce guda ake fafe ta, a yi mata zane, a liƙa mata ɗan akwatin tagulla mai ado inda ake aje ƙyallen naɗe harsashi. Mutum guda shi ne maƙeri, shi ne masassaƙi, shi ne mai zane. Shi ya sa har gobe masana na gane hannun irin su Jacob Dickert, kamar yadda uwar kasuwa ke gane tabarmar garinsu tun daga nesa. A 2014 jihar Pensilbaniya ta ɗauki wannan bindiga a matsayin alamarta a hukumance.

Abu na biyu shi ne wanda ya kamata ƴan kasuwa su riƙe. Masu tara irin waɗannan kaya ba ƙyalli suke saye ba. Suna duba sunan maƙeri, suna tambayar hannun da kayan ya bi, suna son tsufansa yadda yake. Bayan 1830 an sauya wa da yawa daga cikin bindigogin nan wajen tada wuta zuwa sabon salo, kuma wadda ta tsira da dutsenta na asali ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya goge tsohuwar bindiga da yashi, ko ya shafa mata fenti don ta yi kyau, kuɗinsa ya kankare da hannunsa.

To, mu ina ruwanmu? Ruwa kuwa har da tsaki. Bindigar dutse ta shigo ƙasashenmu ta hannun fatake, maharbanmu sun yi farauta da ita, kuma har yanzu ƴan bindiga na tada ƙura da albarushi ranar hawan salla. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ana kuma yi masa albarushi da igwa a cikin Zinder kanta. Namu ba iri ɗaya ba ne da na Amurka, kuma ba mu ce kowace bindigar da ke rataye a zaure za ta yi miliyoyi ba. Amma kowace tana da labari, kuma labarin nan ke ɓata ranar da aka ɗora ta a kan ma'auni tare da tsohon gatari da ƙafar keke, ko ranar da wani baƙo ya miƙa jika biyar ya sa ta cikin mota.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata, tunda su ke sanin abin da ke ƙarƙashin gado da bayan rumbu, da ƴan uwanmu dillalai. In irin wannan kaya ya faɗo hannunku, kada ku goge, kada ku gyara. Kada a bar yara su yi wasa da shi, domin tsohuwar bindiga na iya kwana da albarushi a ciki shekara da shekaru. A tambayi dattawan gida wa ya mallake ta, wane maƙeri ya taɓa ta, a sa ɗan lakwal ya rubuta. A tuna kuma bindiga makami ce, riƙe ta da cinikinta na buƙatar izinin hukuma, sannan dokar ƙasa ta 1997 ta kare kayan tarihi daga fita waje barkatai.

Ga hukumomi kuma, muna fatan gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai da na Zinder za su buɗa ƙofa ga mai son a duba masa kayan gadonsa ba tare da fargabar a ƙwace ba. In talaka na tsoron kai kayansa wurin hukuma, mai sayen tsohon ƙarfe ne zai ci ribar.

Tsohon zuma da shi ake magani. Allah ya sa mu gane.