Ba Kowane Ciwon Dubura Ne Basir Ba

A ganina, akwai kalma ɗaya a Hausa da muka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta, wato "basir". Zubar jini basir, ƙaiƙayi basir, kumburi basir, har kasala da ciwon baya ma masu tallar magani a tasha kan jingina su gare shi. Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu lura cewa wannan kuɗin goro da ake yi wa cututtuka yana cutar da jama'a.

Mu ɗauki marurun dubura misali. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura. Shi kuwa maruru yakan faru ne idan wasu ƙananan ƙofofi da ke cikin dubura suka toshe, ƙwayoyin cuta suka taru, mugunya ta kwanta. Alamarsa zogi ne marar yankewa, wurin ya kumbura ya yi zafi, zama ya gagara, wani lokaci har da zazzaɓi. Wanda aka ce masa basir ne sai ya yi ta shan jiƙo, alhali mugunyar tana ƙara cin nama.

Maganinsa shi ne likita ya tsaga ya fitar da mugunyar, domin ƙwayoyin magani su kaɗai ba kasafai suke isa ba. Aikin kuma ba na wanzami ba ne, saboda tsokar da ke riƙe bayan gida tana nan kusa. Bayan aiki akan bar gyambon a buɗe ya warke daga ciki cikin 'yan makonni, majinyaci yana zama cikin ruwan ɗumi, yana yawaita shan ruwa da cin ganye don gudun taurin bayan gida. Idan wurin ya ci gaba da yoyo, sai a koma asibiti, domin wani lokaci yakan bar wata 'yar hanya da ke buƙatar aiki na biyu. Mai ciwon suga kuwa kada ya kwana da shi.

Wani zai ce kunya adon Bahaushe ce, kuma "basir" ya fi sauƙin faɗa. Na yarda, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da za mu zama masu fassara da 'yan jarida, mu kira basir basir, maruru kuma maruru.