Gwajin ido kafin sayen tabarau

Tabarau da ake jerawa a kan tire a bakin kasuwa, waɗanda mai saye ke gwadawa ɗaya bayan ɗaya yana duba rubutun jarida, sukan taimaki wanda ya haura shekara 40 kuma ƙananan rubutu suka fara gagararsa, sai dai ƙarfin gilashinsu ɗaya ne a ɓangarorin biyu, alhali idanun mutum sukan bambanta. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne irin wannan gwaji na kasuwa ba ya gano hawan jinin ido, wato ƙaruwar matsin ruwan cikin ido da ke lalata jijiyar gani sannu a hankali ba tare da ciwo ba, kuma ganin da ya salwanta ta wannan hanya ba ya dawowa.

Saboda haka ya dace a yi gwaji inda ake auna matsin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Wanda aka gwada ya nemi takardar awonsa, mai ɗauke da lambar ƙarfin gilashin kowane ido, ya kai ta inda farashi ya fi sauƙi, domin sau da yawa firam ne ke ɗaga kuɗin tabarau, kuma firam mai araha ba ya rage ingancin gani.