Ra'ayi: Akwatin kiɗa ya cancanci kuɗinsa, in dai kiɗanmu za a zuba a ciki

Duk wanda ya leƙa ɗakunan haɗa waƙa na matasanmu a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, kusan abu guda zai tarar: kwamfuta a kan tebur, lasifika biyu, makirufo, da saurayi ya ƙura wa allo ido yana jan linzami. Ganga ba a ganinta. Kiɗan duka yana cikin manhaja, sau da yawa FL Studio. Ban raina wannan hanya ba, domin ita ta ba ɗan talaka damar fitar da waƙa ba tare da ya tara makaɗa goma ba. Sai dai akwai wata na'ura da nake ganin ya kamata masu wannan sana'a su waiwaya, wato akwatin kiɗa, wanda masu jin Faransanci ke kira boîte à rythmes.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, akwati ne da bai wuce faranti ko babban littafi ba, kuma aikinsa ɗaya tak: buga ganga. A gabansa galibi akwai maɓallai 16 a jere, kowanne yana matsayin taki guda a cikin zagayen kiɗa. Sai ka zaɓi sauti, babbar ganga ko ƙarama ko tafi ko ƙarfe, ka danna takun da kake so ya faɗo a kai, fitila ta kama. Akwatin ya yi ta maimaita zagayen, kai kuma kana ƙarawa kana ragewa, kana murɗa maɓallan da ke tsawaita sauti ko su ƙara masa kauri, duk kiɗan yana tafiya bai tsaya ba.

Tarihin na'urar kansa darasi ne. A shekarar 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da samfurin TR-808. Sautinsa ba na ganga ta gaskiya ba ne, wayoyin lantarki ne ke ƙirƙirarsa, shi ya sa manyan mawaƙa da yawa suka juya masa baya, suka fi son Linn LM-1, wanda ke ɗauke da sautin gangar gaske da aka naɗa, ko da yake ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Kasuwa ta ƙi TR-808, aka daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000. Da ya koma kayan gwanjo mai araha, sai ya faɗa hannun matasa baƙaƙen fata na biranen Amurka, waɗanda ba su da kuɗin shiga manyan ɗakunan naɗar waƙa. Tun a 1982 an ji shi a waƙar Planet Rock ta Afrika Bambaataa, kuma har gobe amonsa mai girgiza ƙirji shi ne ƙashin bayan kiɗan hip-hop. Ƙanensa TR-909, da ya fito a 1983, shi ma bai yi kasuwa ba da farko, amma daga baya ya zama ginshiƙin kiɗan house na birnin Chicago da na techno na birnin Detroit. Abin lura a nan shi ne, waɗannan matasa ba su jira na'ura ta koya musu kiɗa ba. Rawar unguwarsu suka zuba mata, duniya ta bi su.

Mu ma a Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da molon lantarki na zamani, wato ogan, inda ya juya karin waƙoƙin ƙasar nan zuwa sautin na'ura. An daɗe ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin, masu sauraro a ƙasashen waje suka yi ta mamaki. Bayansa an samu Hama, shi ma a Yamai, mai kundin Torodi da na Houmeissa. Abin da ya ja hankalin duniya gare su ba tsadar kayan aiki ba ne. An ji Nijar a cikin sautin, shi ke nan.

To me ya sa mutum zai kashe kuɗi a kan akwati, alhali manhaja na iya fitar da sauti iri ɗaya? Dalili na farko shi ne hannu. Kiɗa aikin jiki ne. Mai jan linzami abu guda yake iya taɓawa a lokaci guda, kuma idonsa ne ke aiki fiye da kunnensa. Mai akwati kuwa yatsu goma yake da su, yana iya kashe babbar ganga da hagu, ya buɗe tafi da dama, ya saurari abin da ya fito nan take. Wannan ya fi kusa da yadda makaɗi ke aiki.

Na biyu shi ne iyaka. A kwamfuta akwai dubban sautuka, har saurayi ya kwashe yini yana zaɓen ganga guda bai haɗa komai ba. Akwati sautuka kaɗan yake ba ka, kamar goma ko sha biyu, dole ka san su ciki da waje, kamar yadda mai kalangu ya san fatarsa da tsarkiyarsa.

Na uku ya shafi halin da muke ciki. Kowa ya san yadda wutar lantarki ke yi a lokacin zafi. Akwai ƙananan akwatuna, irin su Volca Beats na kamfanin Korg da ya fito a 2013, masu aiki da ƙananan batura shida, har da lasifikarsu a jiki. Ana iya zama da shi a fada ko a gindin bishiya a haɗa kiɗa. A filin biki ma, akwati ba ya daskarewa yana neman a sabunta manhaja, ba ya kamuwa da cutar kwamfuta, kuma ta hanyar wayar MIDI, tsarin da kamfanoni suka amince da shi tun 1983, yana iya tafiya taki ɗaya da fiyano.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Tsada ce ta farko: ƙarami na iya cin kuɗin waya mai kyau, babba kamar TR-8S ko Digitakt na iya kaiwa kuɗin babur, ga kuɗin sufuri da na kwastan. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai, zafi yana gajiyar da kayan ciki, kuma mai gyara ba ko'ina ake samunsa ba. Don haka ba na ce wa mai farawa ya sayar da kwamfutarsa. Wanda bai da hali ya ci gaba da abin da ke hannunsa, babu kunya a ciki. Amma ɗakin haɗa waƙa da ya fara samun ciniki, ko abokai uku da za su iya haɗa kuɗi, akwati guda zai amfane su fiye da sabuwar kujera da fitilu masu launi.

Babban abin tsoro a wurina ba kuɗi ba ne. Maɓallan nan 16 an tsara su ne a kan kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu, irin na gidajen rawa na Turai da Amurka. Da yawa daga cikin kiɗe-kiɗenmu kuwa uku-uku suke tafiya, suna rangaji, wani bugu yana ɗan jinkiri, wani yana ɗan gaggawa. Wanda ya kunna akwati ya bi tsarin da ya tarar a ciki, zai fitar da kiɗa mai tsabta wanda ba na kowa ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Alhali maganin yana jikin na'urar: ana iya rage zagayen zuwa taki 12, ana iya karkatar da bugu ya ɗan kauce daga daidai. Ko tsohon TR-808 yana da wurin sauya ma'aunin taki. Matsalar ita ce, wanda bai taɓa zama gaban masu kiɗan kokawa ko na ƴan mata a dandali ya saurara da kyau ba, bai san abin da zai gyara ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma abin da akwati ba zai taɓa yi ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa, murya ta hau ko ta sauka, ya kira taken mutum har ya waiwayo daga cikin taro. Na'ura ba ta san wanda ya shigo fili ba, ba ta san ɗan wane ne ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauke ta a matsayin magajiyar makaɗi. Abokiyar aikinsa ce: ita ta riƙe taki, shi ya yi magana a kai.

Nan ne batun haƙƙi ya shigo. Sababbin akwatuna suna karɓar sautin da ka naɗa da kanka, al'adar da Akai MPC60 ya yaɗa tun 1988. Ke nan ana iya naɗar kalangu, kotso, duma ko ƙwarya a zuba a ciki. Wannan alheri ne, amma yana iya zama zalunci. Makaɗan gargajiya sun riga sun rasa bukukuwa da dama ga masu lasifika. Idan aka kira dattijo aka naɗi hannunsa na awa guda, aka sallame shi da kuɗin goro, sannan aka yi shekaru ana cin abinci da sautinsa, an ci amanarsa. A yi yarjejeniya a rubuce, a saka sunansa, a ba shi kasonsa. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, tana da rawar takawa a nan. Haka ma cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai: za ta iya haɗa tsofaffin makaɗa da matasa masu na'ura a ɗaki guda, a naɗi gangunanmu da kyau da yardar masu su.

Shawarata ga matasa ita ce: in kun samu hali ku sayi akwatin, ku rufe shi da ƙyalle saboda ƙura, ku koyi kowane maɓalli nasa. Amma kafin ku kunna shi, ku je ku gaida makaɗin unguwarku, ku zauna ku saurare shi, ku tambaye shi sunan kowane kiɗa da lokacin da ake yin sa. Matasan Detroit da Chicago sun sa duniya rawa da na'urar da kasuwa ta ƙi, saboda suna da abin zuba mata. Mu ma muna da shi, yana hannun dattawan da ke tsufa a gabanmu.