Baƙo da ƴan rakiyarsa

A makon nan wani Alhaji na kasuwar Dole ya tare ni da ƙorafi. Ya biya wani matashi ya rubuta masa manhajar lissafin kaya, wadda a biro ake kira lojisiyel. Yaron shago ya buga 200 yana nufin dala, wato jika guda, na'ura kuwa ta ɗauka sefa 200 ne. Kafin a farga, lissafin wata ya rikice. Alhaji ya ce mani: "Shin ba a auna abin nan kafin a miƙa wa mutum?"

Ana aunawa. Masu rubutu da harshen Python suna da kayan gwaji mai suna pytest, wanda Holger Krekel, wani Bajamushe, ya soma. Aikinsa aikin tiya ne a hannun mai awo. Marubuci yakan shimfiɗa sharaɗi, misali dala 200 dole ta ba da sefa 1000, pytest kuwa ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wanda ya tsaya da wanda ya faɗi. Da an yi haka, da kuskuren bai kai shago ba.

Wannan kaya ba ya zuwa tare da Python, sai an sauko da shi daga rumbun intanet mai suna PyPI. Mai saukowa da shi pip ne, wanda ya fito a 2008. Duk wanda ya san tarihin unguwar Zango, inda ayarin Abzin ke sauke kaya a wajen ganuwar Birni, ya san fatoma: shi ke karɓar baƙo, ya ba shi masauki, ya riƙe sunansa. Haka pip yake. In an rubuta pip install pytest, sai ya ɗauko baƙon, ya kuma ɗauko ƴan rakiyar da ba ya aiki sai da su, irin su pluggy da iniconfig da packaging.

Wajen sallama ne ake tuntuɓe. In an rubuta pip uninstall pytest, fatoma zai tambaya ko an tabbata, sa'an nan ya fitar da baƙon shi kaɗai. Ƴan rakiya suna nan zaune. Yau a saka, gobe a cire, har na'urar ofis ta cika da baƙin da ba wanda ya san mai su, kuma in aka kori ɗaya da ka, wata manhajar da ke dogaro da shi ta tsaya. Maganin abin shi ne a keɓe wa kowane aiki ɗakinsa da umurnin venv. In aiki ya ƙare, a share ɗakin, baƙo da tawagarsa su tafi tare.

Akwai kuma baƙon da ke aron sunan wani. A 2017 hukumar tsaro ta ƙasar Silobakiya ta gano kaya 10 na jabu a cikin PyPI, har da urlib3 mai kwaikwayon urllib3. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, pip kuwa abin da aka rubuta masa shi yake ɗaukowa.

Don haka, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, ba sai ka iya Python ba. Kafin ka biya, ka nemi a gudanar da gwajin a gabanka da alƙaluman da kai ka zaɓa, a kuma rubuta maka sunan duk abin da aka saka a na'urarka. Kayan gwajin kansa ya zauna wajen mai rubutu, ba shi da aiki a shago. Wanda ba ya karɓar hatsi sai an auna, bai kamata ya karɓi manhaja da ido rufe ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.