Katin Banki A Hannun Yaro, Bashi A Wuyan Maigida

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, harkar kuɗi a wannan kasuwa ta canja salo. A Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkuminta, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta bar nata a rufe, kaya da mutane suka koma bin kwale-kwale. Babu ɗan kasuwar da zai so ɗora damin sefa a kan ruwa, don haka kuɗin albasa da masara da shinkafa suka ƙara komawa cikin waya da katin banki. Kuma kowa ya san mai latsa wayar nan a rumfuna da dama: yaron shago ne, ɗan shekara 15 ko 16, wanda idonsa ya fi na Alhaji gani, yatsansa ya fi sauri.

A dokar Benin, sai mutum ya cika shekara 18 yake iya ƙulla yarjejeniya da kansa, a tsallaken kogi kuwa dokar Nijar ta kai abin shekara 21. Wanda bai kai ba ana iya buɗe masa asusu, amma da sa hannun mahaifi ko waliyyi, kuma banki ba zai ba shi bashi ba. Bayan haka, akasarin katunan da ke yawo a nan, masu tambarin GIM-UEMOA ko Visa, na cirar abin da mutum ya ajiye ne, ko waɗanda sai an zuba musu kuɗi kafin a kashe. Irin katin Turai da Amurka na ci yau biya gobe bai yawaita a wajenmu ba. Shi ya sa wasu iyaye ke cewa ai babu abin tsoro.

Mu dai muna ganin akwai, domin ta ƙofar maigida bashin ke shigowa. Layin waya da sunan Alhaji aka yi masa rajista, asusu nasa ne, lambar sirri kuwa tana kan yaro. Asusun da kuɗi ke juyawa a cikinsa shi ne banki ke yarje wa ya ci fiye da abin da ya ajiye, shi ne kuma masu ba da rance ta waya ke bi da tayi, ba shaida, ba mai tsayawa, ba kallon ido. Yaro ya ɗauki jaka biyar ya zuba a cacar ƙwallon Turai da niyyar mayarwa kafin a buɗe rumfa, ta tafi, ya ranci goma don ya toshe gurbi, ita ma ta bi sahu. Na'ura ba ta san shekarunsa ba, sunan da ke kan asusu ta sani. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to amma wannan wanda bai ci ba shi ke biya.

Abin bai tsaya ga kuɗi ba. Bankuna da ƙananan cibiyoyin lamuni na yankin sefa suna aika bayanan masu cin bashi ga ofishin da BCEAO ke sa wa ido, ranar da maigida ya je neman lamunin sarin kaya a kaka, tsohon bashin da bai san da shi ba zai tare shi a ƙofa. Masu hulɗa da Kamba da ke riƙe da layin Nijeriya su ma su lura: a Maris na 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance ta waya a Legas, waɗanda aka zarga da tura wa duk lambobin da ke wayar mai bashi saƙon cin mutunci. Ga ɗan kasuwar da ake ba kaya a kan amana, irin wannan saƙo ya fi gobara. A 2014 an ƙayyade kuɗin ruwa a yankin UEMOA kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyi, amma mai rancen da ba shi da lasisi ina ruwansa da wannan? Ba ma maganar hukuncin riba, wanda malamai sun sha faɗa.

Ba muna cewa a ƙwace waya daga hannun yara ba, da aike da riƙon kuɗi kowane attajiri ya koyi kasuwa. Kiranmu ga iyaye da iyayen gida shi ne su buɗe wa yaro nasa asusu da sunansa, da katin da ba ya wuce abin da aka zuba, a bar jari a wani wuri dabam. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar da ke aljihun maigida, wanda ba ya karatun boko ya sa wani babba ya riƙa duba masa duk ranar kasuwa.

Bankuna kuma, da wakilan MTN da Moov da Celtiis, su daina miƙa wa mutane takardar Faransanci su ce a dangwala. A yi musu bayani da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, kuma shugabannin kasuwar Malanville su nemi a riƙa rufe wa duk mai so ƙofar rance a kan asusunsa, a rubuce, tun ranar da ya karɓi kati.